Fasfon da ya mutu a ƙarƙashin kujerar hayis

Sana'ata gyaran kujerun mota ce. Rumfata tana bayan tasha a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, nan motocin Ɗan Isa da na Tasawa da na Dakwaro suke biyowa in soso ya lotse ko ƙarfen kujera ya karye. Duk mai wannan aiki ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin kujerun motar haya: ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino, ɗan kunne wari guda, 'yan dala biyar-biyar da suka yi baƙi, wani lokacin har makullin da mai shi ya daɗe da fasa ƙofa. Yaran rumfa ke sharewa, tsabar da suka samu tasu ce, ba na tambaya.

Da hunturun da ya wuce aka kawo mana wata hayis ta layin Jibiya. Muna kwance kujerar layi na uku, sai ƙaramin yarona ya zaro wata baƙar leda da ta maƙale tsakanin ƙafar kujera da shimfiɗar ƙasa, an naɗe ta an ɗaure da jar roba irin ta ɗaure kuɗi. Ya zaci kuɗin ne, har ya fara washe baki. Da aka warware, ashe fasfo ne kore na Najeriya, mai tambarin dawakai biyu da mikiya. Tare da shi akwai 'yar ambulan mai ƙananan hotuna, da rasit na aika kuɗi wanda zafin ƙasan mota ya shanye rubutunsa, ya koma farar takarda.

Direban yana kan benci yana shan shayi. Ya karɓa, ya buɗe, ya duba kwanan wata, ya miƙo mini. "Malam, wanga ai ya mutu tun da damina. Sa shi shara." Da ya ga ban da niyyar sakawa, sai ya sassauta murya, ya ce in ma zan kai shi wani wuri, don Allah kada lambar motarsa ta fito daga bakina. Ban ga laifinsa ba. Direban da ke tsallaka iyaka kullum ba ya son sunansa ya shiga littafin kowa, ko da kan alheri ne. Na tambaye shi ko ya tuna wata fasinja da ta taɓa cigiyar takarda, ya yi dariya. Mota tana kwasar mutum kusan ashirin a sawu ɗaya, babu tikiti, babu rubuta suna, kuma shi bai daɗe da karɓar ta daga hannun wani direban ba.

Da dare, bayan yara sun kwanta, na baje kayan a kan tabarma. Fasfo takarda ce mai rowa: ma'aikacin iyaka tana gaya masa komai, wanda ya tsince ta kuwa sai dai ta yi ta kallonsa. Ga hoto, yarinya ce cikin hijabi, ba za ta wuce ashirin da 'yan kai ba. Ga suna guda uku, irin waɗanda in ka tsaya tsakiyar kasuwa ka kira, mata goma za su waiwayo. An haife ta a Funtuwa, an ba da fasfon a Kano, na shekara 5 ne. Rubutun da Ingilishi ne da Faransanci, don haka ɗan lakwal ɗin da na yi, wato boko, ya ishe ni. Can ƙasa akwai layi biyu na haruffa da lambobi waɗanda na'ura ke karantawa, da NGA a wurin da namu ke da NER. Amma babu unguwa, babu lambar gida, babu lambar waya. Na san a wani ofishi a Najeriya, in aka danna lambar fasfon a kwamfuta, duk abin da ta cike a fom zai fito. To ni ba ni da wannan kwamfutar.

Matata malamar lakwal ce, ita ta ga abin da ban gani ba. Ta ce, "Maigida, bar shafin hoton, kawo na bayan." Shafukan cike suke da hatimin shiga da fita, mafi yawa na Ɗan Isa da Jibiya, garuruwan bakin iyakarmu da Najeriya, wani kan wani, wasu a karkace. Ta ɗauko littafin rubutu ta jera kwanakin daga na farko zuwa na ƙarshe. Da ta gama ta ce wannan ba 'yar kasuwa ba ce. 'Yar kasuwa tana zuwa Litinin ko Juma'a ta juya, wannan kuwa in ta shigo sai ta yi watanni, ta fita gab da sallah ko da dogon hutu, ta sake dawowa. Kalandar makaranta ce. Akwai kuma giɓi a tsakiya: daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris na 2024 babu hatimi ko ɗaya. Wannan kowa a garin nan ya san dalilinsa, watannin da aka rufe iyaka ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da mai son tsallakawa sai ya bi daji a bayan kabu-kabu, kuɗin ya ninka, ran ma a hannun Allah.

Hatimin ƙarshe na shiga ne, a Ɗan Isa, da bazara, kuma babu na fita bayansa. Ke nan an buga mata, ta mayar cikin leda, ta koma mota, ledar ta zame a cikin kilomita kusan 40 ɗin da ke tsakanin Ɗan Isa da tasha. Ranar da ya faɗi yana da sauran rai. A ƙarƙashin kujera wa'adinsa ya cika.

Abin da ya hana ni bin shawarar direba shi ne yawan hatiman. Mu da mutanen Katsina ba ma neman fasfo don mu ga juna. Sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce masa, kuma da wuya ka sami gida a Maraɗi da ba shi da ɗiya ko ƙanin uba a Jibiya ko Katsina. Ana zuwa biki da suna da ta'aziyya, daga mai katin ɗan ƙasa sai mai gaisuwa kawai. Wanda yake sauka daga mota duk tafiya, ya bi layi a rana don a buga masa hatimi, shekara da shekaru, yana tara shaida ce ta wani abu. Ban san ta mene ne ba a lokacin.

Bayan sallar asuba na tare liman a ƙofar masallaci. Ya ce hukuncin tsintuwa sananne ne: ka san jakar da abin yake ciki da madaurinta, sannan ka yi cigiya shekara guda, wanda ya zo ya siffanta daidai ka ba shi. Sai ya ƙara da nasa, ya ce kada in faɗi siffar ledar ga kowa, ita ce jarrabawar mai zuwa karɓa. Kuma tunda abin na hukuma ne, ba tunkiya ba ce, in fara kai wa hukuma.

Komisariya, ofishin 'yan sanda, na nufa da hantsi, ina ɗan ɗari-ɗari, don talaka ba ya shiga can da farin ciki ko da shi ke da gaskiya. Aka zaunar da ni kan benci tare da masu ƙarar satar salula da wani da aka ɗauke wa babur. Da layi ya zo kaina, ɗan sandan ya buɗe babban littafinsu, ya karɓi katina, ya rubuta sunana da sana'ata da inda na tsinci abin. Ya tambayi lambar motar. Na ce, "Shef, mai motar ya roƙe ni da Allah." Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan jinkirta, sannan ya rubuta motar haya ta layin Jibiya. Daga nan ya jawo wata durowa ya nuna mini. Katunan ɗan ƙasa ne da lasin tuƙi da takardun babura, ɗauri-ɗauri, wasu sun yi ja don daɗewa. Ya ce duk mutanen kirki ne suka kawo su, masu su ne ba su san suna nan ba. Fasfon baƙo kuwa, in ya daɗe ba a zo ba, sama za a tura shi, Yamai, daga can ya bi hanyar ofishin jakadancin Najeriya. Tafiyar fiye da kilomita 600 ce zuwa yamma, alhali garin yarinyar yana kudu da mu.

Na bar fasfon a wurinsu, ya ba ni 'yar takarda mai lambar da aka shigar da maganar a littafi. Hotunan cikin ambulan ya bar mini guda. Akwai waɗanda suka ce mini da na riƙe shi a gida har in sami mai shi, ya fi sauri. Ban yarda da su ba. A yanayin da ake ciki yanzu, a sami fasfon baƙuwa a aljihun mai gyaran kujera a shingen jandarma, bayanin zai yi tsawo. Kuma tun da ya kwana a komisariya, duk wanda ya ce nasa ne ina da amsa guda gare shi: je ka can da shaidarka.

Amsar ta yi mini rana da wuri. Na biya 'yan jikkuna a wani gidan rediyo aka sa cigiya bayan labarun Hausa: an tsinci fasfon Najeriya na wata mai suna kaza, sunan farko kawai, mai shi ko wanda ya san ta ya kira lamba kaza. Yarona babba ya so ya ɗauki hoton shafin ya watsa a WhatsApp da Facebook, ya ce kafin magariba an same ta. Matata ta hana. Ta ce fuskar ɗiyar mutane ce, da ranar haihuwarta da sa hannunta, in ta shiga waya dubu babu mai iya dawo da ita. Ba a jima ba wani ya kira, murya a natse, sallama cikakkiya, ya ce ƙanwarsa ce, sun daɗe suna nema, in taimaka in turo masa hoton shafin farko ya tabbatar. Na ce, "To, Alhaji, a wane gari aka haifi ƙanwar taka?" Ya ce Kano. Na ce a cikin me fasfon yake? Ya ce jaka. Na ce ya je komisariya. Bai sake kira ba. Mutanen nan ba littafin suke so ba, hoton shafin suke so, da shi ake buɗe asusun da za a cuci wani da sunan wata.

Rediyon bai kawo mai gaskiya ko ɗaya ba, kuma da na yi tunani, ba abin mamaki ba ne. Masu jin cigiya a rediyon Maraɗi mutanen Maraɗi ne da ƙauyukanta. Ɗaliban Najeriya kunnensu yana cikin salula.

Don haka na bi maganar matata na nufi makarantu. Tun da aka buɗe jami'ar Maryam Abacha a 2013, garin nan ya cika da 'yan Kano da Katsina da Kaduna da Zamfara masu karatun jinya da sauran fannonin lafiya da shari'a, kuma ba ita kaɗai ke ɗaukar su ba, akwai wasu makarantun kuɗin. Sun canza wasu unguwanni gaba ɗaya: gidajen haya, masu indomi, masu fotokopi, 'yan canjin naira. A makarantar da na fara zuwa mai gadi ya kai ni wani ofishi, mutumin ciki ya saurare ni da mutunci, ya rubuta sunan, ya ce zai duba, amma ko ya samu ba zai ba ni lambar ɗaliba ba, sai dai ya ba ta tawa. Raina bai so ba, amma da ɗiyata ce haka zan so a yi. Matsalar dai ita ce lambar da ɗalibi ya bari a ofis ta Nijar ce, kuma ranar da ya gama karatu ranar layin yake fara mutuwa.

A wurin mai shayin bakin ƙofa na sami bakin zaren. Wasu samari ne suna karyawa, na gane 'yan Najeriya ne daga Hausarsu da kuma yadda suke lissafin kuɗin shayi da naira kafin su mayar da shi sefa. Na gaishe su na faɗi abin da ke tafe da ni, na ƙara da cewa fasfon ma ya riga ya mutu, kawai dai amana ce. Ɗayansu ya ajiye kofi ya dafe kai. Ya ce, "Baba, ai wannan mataccen ya fi sabo tsada."

Shi ya warware mini abin da hatiman suke tarawa. A Najeriya wanda ya gama jami'a sai ya yi bautar ƙasa ta shekara guda, tsarin da aka kafa tun 1973, kuma ba tare da takardarta ba aikin gwamnati da na manyan kamfanoni sai dai ya gani a hannun wasu. Wanda ya yi karatu a waje, kafin a ɗauke shi sai an tantance shi ido da ido, kuma cikin abin da ake nema har da ainihin fasfon da ya yi tafiyar da shi, a ga ranar da ya fita da ranar da ya dawo. Ya ce abin ya ƙara tsanani tun ƙarshen 2023, da wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna aji ba, har gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a farkon 2024. Tun daga nan duk mai digirin maƙwabta ana yi masa kallon tuhuma, har da su da suka sha zafin Maraɗi shekara huɗu. Sabon fasfo kuɗi ne kawai, ko da yake kuɗin ma ba wasa ba, tun 1 ga Satumban 2025 na shekara 5 ya koma naira dubu 100. Amma sabo farare ne shafukansa. Hatimin 2022 ba a sake buga shi a 2025, sai dai ta hanyar da ita ce ta jawo musu wannan masifar tun farko.

Yaron nan ya ɗauki maganar kamar tasa. Ya sa sunan farko da garin haihuwa a zaurukansu na WhatsApp, na 'yan jiha da na tsofaffin ɗalibai, ba tare da hoto ba. Masu wannan suna suka fito har da yawa, aka yi ta tankaɗe. Wata ɗaliba ta ce tana zaton ta san ta, muka haɗu a wurin mai shayin, na nuna mata ɗan hoton a tafin hannuna. Ta ce ita ce, tana gaba da su, ta gama. Ta ba ni lambar da take da ita. Na kira, wani mutumin Agiye ya ɗauka, ya ce shi ma ya gaji da masu neman yarinyar nan, layin a butik ya saya. Sai ɗalibar ta tuna gidan da ta zauna, a Ali Ɗan Sofo, gidan wata Hajiya mai ba 'yan mata haya.

Hajiyar nan ita ce ta fi kowa wuyar sha'ani, kuma ita ce ta fi kowa amfani. Na yi sallama aka ce in dakata a zaure. Aka kawo tabarma da ruwa a kwanon sha, ta fito ta zauna daga bakin ƙofar ciki, carbi a hannu. Ban kai ga faɗin sunan yarinyar ba ta tare ni: "Kai ɗan gidan wa ne?" Na faɗi sunan mahaifina, ba ta gane ba. Na faɗi unguwar da aka haife ni, Bagalam, da sunan ubangidan da ya koya mini aiki. Nan fuskarta ta saki, ashe matarsa ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Sai da aka gama gaisuwar mamata da ta masu rai sannan ta ce, "To, mi ya kawo ka wurin ɗiyan mutane?"

Da na faɗa, sai ta saki carbin ta yi salati. Ta ce yarinyar ta zo da bazara karɓar takardar gama karatunta, a nan ta sauka. Washegari aka nemi fasfo aka rasa. Ta zazzage akwati, ta ɗaga katifa, ta koma babbar kasuwa tana bin rumfunan da ta shiga ɗaya bayan ɗaya, don ita a zatonta can aka zare mata. Motar ba ta zo mata a rai ba ko kaɗan. Ta kwana tana kuka, ta koma gida hannu biyu. Hajiya ta ƙwala wa jikanta kira ya ɗauko wani littafin lakwal da ya sha hannu, wanda ake rubuta kuɗin haya. Kowane ɗaki da shafinsa, kowane shafi da sunan yarinya da lambar wanda ke biya mata. Ta ce ita ba ta ba ɗiya ɗaki sai ta ji muryar ubanta. Lambar tana nan, ta fara da 234.

A gabanta na kira. Dattijo ne ya ɗauka. Na yi sallama, na ce daga Maraɗi nake, ina magana da mahaifin wance? Sai shiru, sai ƙit. Na sake kira, wayar a kashe. Hajiya ta ce, "Ai kai ma ka san haka za a yi." Gaskiyarta. Mutumin da ke zaune a kudancin Katsina, inda Faskari da Sabuwa da Ɗandume suke maƙwabtansa, in baƙuwar lamba ta wata ƙasa ta kira shi ta ambaci sunan ɗiyarsa, ba fasfo ne zai fara zo masa a rai ba. Mu ma nan mutanen Madarumfa da Gidan Rumji sun san irin wannan kiran. Sai ta sa jikan ya danna mata, ta yi saƙon murya da kanta, doguwar gaisuwa da ambaton ɗaki da shekarun da yarinyar ta yi a hannunta, sannan a ƙarshe ta ce mutumin da ya kira ɗan mutunci ne, ta san gidan da ya tashi.

Bayan isha'i ya kira ni. Ya ba da haƙuri, na ce babu komai. Amma bai sake ba tukuna, ya yi ta yi mini tambayoyi, ina aka tsinta, me nake so a ba ni, me ya sa sai yanzu. Na ce ba ya hannuna ma, yana komisariya, ga lambar da aka shigar. Wannan ta kwantar masa da hankali fiye da duk rantsuwar da zan yi. Sannan na ce, "Baba, ni ma ina da tawa tambayar. A cikin me aka naɗe shi?" Ya ce bai sani ba, bari a kira ta. Na ji ana buɗe ƙofa, na ji takun gudu, sai murya daga nesa: "Baƙar leda ce, Abba, da jar roba, akwai hotuna a ambulan." Ba a ba ta wayar ba, ban kuma nema ba.

Shi ya ba ni sauran labarin. Sun yi rahoton 'yan sanda a can, sun yi rantsuwar kotu, sun biya an yi sabon fasfo. Da ta je tantancewa aka dubi fararen shafuka aka ce ina shaidar zamanta a Nijar, in kuwa tsohon ya ɓata ne, ta kawo rahoto daga ƙasar da ya ɓata a cikinta. Ita kuma da ta rasa shi ba ta je komisariya ba, tsoro ya hana ta, ga shi ta fita ba tare da an buga mata fita ba. Abokan karatunta suka tafi sansanin bautar ƙasa, ita tana gida. Ya ce har an fara ba shi shawarar wani da zai iya "gyara" sabon a cika shi da hatiman baya, ya ƙi, ya ce kuɗin karatun da ya biya na halal ne, ba zai rufe shi da ƙarya ba.

Yayanta aka turo, ya biyo ta Katsina da Jibiya, ya iso da rana tsaka, ƙura har gira. Ya zo da katinsa, da kwafin sabon fasfonta, da wasiƙa da ta sa wa hannu. Na tare shi a tasha muka hau adaidaita zuwa komisariya. Shef ɗin bai yi gaggawa ba. Ya ɗora sa hannun wasiƙar kusa da na cikin fasfon ya duba, ya gwada ranar haihuwa, sannan ya ce a kira ta a bidiyo. Ta fito a waya cikin hijabi, ya dubi hoto ya dube ta, ya tambaye ta ranar da ta shigo ta ƙarshe, ta faɗi watan daidai. Ya juya littafin, yayan ya sa hannu, ni ma na sa a matsayin wanda ya kawo. Na roƙi a ba su takardar da ke nuna ranar da aka kawo fasfon da inda aka tsince shi, tunda ita ce ake nema a can, aka ce ya sayo tambur, ya sayo, aka buga aka sa hatimi.

A waje ya zaro ambulan ya ce saƙon Abba ne. Muka yi ta ja, ni ina turawa yana turowa, har masu kabu-kabu suka fara kallo. A ƙarshe na cire kuɗin rediyo da na adaidaita, na cire jika biyu na yaron da ya zaro ledar, na mayar masa da sauran. Turmin atamfar da uwarta ta aiko kuwa ban yi musu ba, don na san wadda ta karanta hatiman ba za ta yafe mini ba. Direban hayis da labari ya kai masa, sai ga shi yana tambayar nasa kason, wai ai motarsa ce ta yi ajiya wata da watanni ba ta karɓi ko dala ba. Na saya masa shayi da burodi.

Saura magana ɗaya da Shef ya ja hankalin yayan a kai kafin mu fito. A bisa littafin, yarinyar ta shigo Nijar da bazara kuma har yau ba ta fita ba. Wannan ba a komisariyar gari ake warware shi ba, na 'yan sandan iyaka ne a Ɗan Isa, kuma ba a yin sa da saƙo, sai ta zo da ƙafarta da fasfon biyu da takardar da aka ba su. Yayan ya ce zai faɗa a gida. Na sa shi a motar Jibiya tun la'asar ba ta yi sanyi ba, don hanyar ba ta dare ba ce yanzu. Daga baya Hajiya ta aiko jikanta ya gaya mini yarinyar ta zo ita da mahaifinta sun kwana a gidan Hajiyar, an daidaita maganar iyakar, ta mayar da takardunta wurin tantancewa, tana jiran fitowar sunaye.